Ku Ƙirga Numfashi: Lacca ga Sababbin Ma'aikatan Jinya a Agege

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa muku, 'ya'yana.

Na farko, numfashi. A nan Legas korona ta fara ɓulla a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma tun daga nan 'yar na'urar matse yatsa, mai auna oksijin a jini, ta shiga aljihun nas-nas. Tana da amfani, amma ta koya mana kasala. A maƙala, a ga 96, a wuce. Numfashin fa? Sai a rubuta 20 da ka. Gado goma, kowa 20, kamar sun haɗa baki! (dariya)

Ki ƙirga minti ɗaya cur. Na baligi 12 zuwa 20 ne. In ya kai 25, kira likita ko da na'ura na nuna 96, domin sau da yawa numfashi kan yi sauri tun kafin oksijin ya faɗi. Kada ki gaya wa majinyaci ƙirga kike, zai canza shi. Riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jini kike ji, idonki na kan ƙirjinsa. Minti ɗaya na ce, ba daƙiƙa 15 sau huɗu ba. Ita ma na'urar takan yi ƙarya: yatsa mai sanyi, jan farce, baƙin lalle irin na amare. Murza yatsan ya ɗumama, ko ki koma wani.

Tunda mun shigo nan, oksijin. Bututun hanci, lita 1 zuwa 5 a minti. Takunkumin oksijin, kada ya gaza 5, in ba haka ba iskar da ya fitar zai sake shaƙa. Mai jaka, 10 zuwa 15, kuma jakar ta cika kafin ki ɗora. Duba agogon tukunyar oksijin tun kina karɓar aikin dare, ba ƙarfe ukun dare ba.

Na uku... af, na biyu ne? Cire kayan kariya: safar hannu, riga, wanke hannu, sai takunkumi ta igiyarsa daga baya. Wankin sabulu, daƙiƙa 40 zuwa 60.

(Wata ɗaliba: Mama, 'yan uwa kan cire wa majinyaci oksijin, wai wanda aka sa wa ba ya tashi.)

Yawwa, 'yata! A bar na ukun. Kada ki yi musu tsawa. Nemi babbansu, ki ce Baba zo ka gani. Nuna masa lamba ba oksijin, 86, ki mayar da bututun, ku tsaya tare har ta haura 90. Da Hausa za ki yi bayanin. Sannan ki rubuta a fayil, mai karɓar ki ta san da maganar.