Amsoshin Tambayoyinku: Haɗa Reshe da Babbar Kwamfutar Hedkwata Ba Tare da Kashe Kuɗi Mai Yawa Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraro a Funtuwa, wanda ke kula da reshen wani kamfanin sayar da takin zamani. Ya ce babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kayansu tana hedkwata a Kaduna, kuɗin da aka yanka musu na jawo layi na musamman kuwa ya fi ƙarfinsu. Shin akwai hanya mai rahusa?

To Malam, akwai, kuma wadda muka fi ba ku shawara a kanta ita ce VPN, wato ɓoyayyar hanya da ake shimfiɗawa cikin intanet na gama-gari, inda ake kulle bayanai ta yadda ko wani ya tare su a tsakani ba zai iya karantawa ba. Manhajojin WireGuard da OpenVPN, waɗanda ake kafa VPN da su, kyauta ne, kuma sababbin na'urorin rarraba intanet na MikroTik suna zuwa da su a ciki, saboda haka abin da reshe ke buƙata bai wuce na'ura guda mai ɗaukar layin 4G ba.

Sai dai akwai inda mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Kamfanonin wayar salula sukan haɗa masu amfani da dama a kan adireshin intanet guda, wanda hakan ke sa reshe ya nemi hedkwata ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Maganinsa shi ne hedkwata ta sayi tsayayyen adireshi daga mai ba ta intanet, ko kuma a yi hayar ƙaramar kwamfuta a intanet da 'yan daloli kaɗan a wata, ɓangarorin biyu su riƙa haɗuwa a can. Haka kuma kada ku riƙa jawo dukkan kundin lissafi zuwa Funtuwa. A bar aikin yana gudana a Kaduna, ma'aikacin reshe ya riƙa ganin fuskar kwamfutar yana sarrafa ta daga nesa, domin wannan ya fi saurin amsawa, ya kuma fi tsimin data.

Akwai kuma wasu hanyoyin ban da VPN. Faranti biyu masu aika wa juna bayanai ta igiyar rediyo, irin na kamfanin Ubiquiti, ba su da kuɗin wata, amma sai suna hangen juna babu tudu ko gini a tsakani. Sun dace da sito mai nisan kilomita goma, ba tazarar Funtuwa da Kaduna ba. Starlink kuwa, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, kayansa na da tsada, sai inda layin waya ya gagara gaba ɗaya.

A wurinmu, rarar kuɗin da kuka samu gara ku zuba ta a batir da farantin sola, musamman a hedkwata, tunda wuta na ɗaukewa a Kaduna reshe ya tsaya cak. Ku kuma tanadi layi na biyu daga wani kamfanin waya daban, wanda na'urar za ta koma kansa da kanta idan na farkon ya yanke.