Sukari da hawan jini a gidajenmu na Makka

Wannan lacca ce da wani likita ya gabatar wa Hausawa mazauna Makka bayan sallar isha'i, aka rubuto ta daga rikodin murya.

Assalamu alaikum. Iyayena maza, da iyayena mata da ke can bayan labule, Allah ya saka da alheri. Wasunku daga Jarwal suka taho, wasu daga Misfala da Shari'a Mansur, don haka ba zan riƙe ku da yawa ba.

Ƙididdigar ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta 2021 ta nuna kusan kashi 18 cikin 100 na manya a Saudiyya suna ɗauke da shi. Mu ma a ƙasar muke, abincinta muke ci: kabsa da mandi bayan isha'i, tamis da safe, shayi mai sukari ko ina ka shiga, sai zafi ya kore mu cikin ɗaki mu kwanta. Ba banza ba hukuma ta sa harajin kashi 50 a kan lemon kwalba a 2017. Gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da nake ji kullum a ɗakin duba marasa lafiya: "Likita, ai na warke, na ajiye maganin." Baba, ba ka warke ba. Maganin ne ya kwantar da ciwon, ranar da ka ajiye shi kuma ciwon zai tashi ba tare da ya yi maka sallama ba. Hawan jini yana iya shekaru bai sa ka ko ciwon kai ba, alhali yana cin ƙoda, yana kumbura zuciya, yana raunana jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai wata safiya a ce Alhaji ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye, a fara zargin iska ko sammu. Jinin nan ya daɗe a sama da 140 bisa 90, babu wanda ya auna.

To awo shi ne idonku. Idan aka auna sukari kafin ka karya aka sami 126 ko sama, aka maimaita wata rana aka sake samu, ciwon sukari ne. Na'urar awon tana nan a kowace saidaliyya, wato kantin magani, kuma lambar ma'aikatar lafiya 937 ana kiranta dare da rana don shawarar likita.

Na san wani zai ce yana shan zamzam da habbatussauda. Madalla, ni ma ina sha. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umarci bayin Allah su nemi magani. Ka sha zamzam ɗinka, ka haɗiyi ƙwayarka da shi. Dabino ma haka, albarkarsa ba ta cire masa sukari ba. Biyu ko uku sun isa, ba a zauna da faranti da gahawa har a ga ƙarshensa ba.

Iyayena mata, tukunya a hannunku take. Gishirin da jiki ke buƙata a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen da ake jefawa miya shi ma gishiri ne. A rage shinkafa da tuwo, a ƙara ganye.

Motsa jiki kuwa, minti 150 a mako ake so. Mu da Harami ke kusa da mu ba mu da uzuri: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai wajen kilomita 3, ɗawafin nafila a saman bene ma tafiya ce mai kyau. Sai dai ku kula da ƙafa. Sukari yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya fito Harami ya tarar takalminsa ya ɓace, ya tako kwalta da azahar ƙafa ba komai, ta ƙone bai sani ba. Daga nan gyambo, daga gyambo sai yanka. Ku riƙa saka takalmi a jaka, ku duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare. Wanda idonsa bai gani sosai, jika ya duba masa.

An miƙo takarda daga wajen mata, ana tambayar azumi. Hajiya, ki ga likitanki tun a Sha'aban ya gyara miki lokutan magani. Awon sukari da ɗan tsinin yatsa ba ya karya azumi. Idan kika ga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko jiki ya ɗauki rawa da gumi, ki karya azumin nan take ko da saura minti goma a kira magariba, ki rama daga baya. Mai allurar insulin kuma kada ya bar ta cikin mota, zafin garin nan yana lalata ta. Akwai wata tambayar?