Shito, Man Kaɗanya da Ruwan Sha: Darasi Kan Ci da Sayayya a Filin Jirgin Accra

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, na Nima da Mamobi, Sabon Zango, Madina har Ashaiman. Darasinmu na yau a kan filin jirgin da muka saba kira Kotoka ne, musamman Tasha ta 3, wadda aka buɗe a 2018 don ɗaukar fasinja miliyan 5 a shekara. Daga nan ake tashi zuwa ƙasashen waje. Ina tare da Hajiya, mai harkar tikitin jirgi. Hajiya, barka da zuwa.

Hajiya: Barka kadai, Malam.

Malam: Daga ina mai tafiya zai fara?

Hajiya: Ya fara da sanin cewa ginin nan kashi biyu ne, kuma wurin binciken jami'an tsaro ne ya raba su. Akwai ɓangaren waje, inda ake auna kaya a karɓi takardar shiga jirgi. Akwai ɓangaren ciki, bayan an buga maka fasfo an bincike jakar hannu. Duk abin da za ka ci, ko ka sha, ko ka saya, ka tambayi kanka tukuna: a wane ɓangare nake? Ruwan gorar da ka saya a waje za a karɓe shi a wurin bincike. Irinsa sak da ka saya a ciki kuwa, naka ne.

Malam: Saboda dokar mililita 100 ke nan.

Hajiya: Ita ce. Kowane abu mai ruwa a jakar hannu, mazubinsa kada ya wuce mililita 100, kuma duka su shige cikin leda guda mai haske ta lita 1. Mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kwalbar turare ta mililita 200 da ta rage kaɗan a gindi, ba za ta wuce ba. To, inda mutanenmu suke asara shi ne, sun ɗauka ruwa kawai ake nufi. Shito, wato soyayyar miyar barkonon nan, yana ciki. Zuma tana ciki. Tunkuza ko man gyaɗa, man ja, man kaɗanya, man shafawa, man goge haƙori, duk abin da ake iya lakata ko a shafa, a wajen jami'i ruwa ne. Uwa ta kwana tana soya shito don ɗanta da ke Landan, a zo a jefa kwalbar a kwandon shara a gabanta, alhali da an sa a babban akwati da ya wuce lafiya.

Malam: Ai a akwatin ma yakan zube.

Hajiya: Yakan zube in ba a ɗaure da kyau ba. Idan jirgi ya yi sama, matsin iska yana raguwa, sai iskar da ke cikin roba ta kumbura ta turo mai ta bakin murfi. Ga kuma jifan da akwati ke sha. A zuba a robar da ke da murfi mai murɗawa, ba kwalbar gilashi ba. A shimfiɗa leda a bakin kafin a murɗa murfin, a naɗe da salatif, a sa a leda biyu a ƙulle, sannan a ajiye a tsakiyar tufafi, ba a gefe ba. Kuma a auna akwatin tun a gida. Yawancin kamfanoni kilo 23 suke bayarwa a kowane akwati, jakar hannu kilo 7 ko 8, amma abin da ke rubuce a tikitinka shi ne hukunci.

Malam: Mai goyo fa, ko mai shan magani?

Hajiya: Su an ɗauke musu. Madarar jariri, abincinsa da maganin ruwa suna iya wuce mililita 100, amma a fito da su daban a nuna, kuma a riƙe takardar likita. Magani kada ya taɓa shiga babban akwati, don akwati yana iya makara a hanya.

Malam: Mu koma kan abinci.

Hajiya: Shawarata ita ce a ci a gida. Jiragen Turai da yawa da dare suke tashi, ga shi ana son mutum ya iso awa 3 kafin lokaci, kuma bayan an tashi ma sai an ɗan jima kafin a raba abinci. Wanda ya bar gida da la'asar ciki fayau zai jigata. A ci waakye, wato shinkafa da wake, ko tuwo daidai wa daida, kada a cika yaji da mai, zaman awa 6 ko 7 ne a gaba. A cikin tashar akwai wuraren cin abinci da na shayi, sai dai farashinsu ya fi na gari nesa ba kusa ba, domin hayar shago a filin jirgi tana da tsada. In za ka saya, tambayi minti nawa zai ɗauka kafin ka biya, kuma ka tambayi naman da ke ciki, musamman abin da aka haɗa da burodi ko tsiran Bature. Busasshen abu kamar biskit, dabino da soyayyar gyaɗa yana wuce bincike. Haka gorar ruwa in babu komai a ciki. Mai son abincin halal a jirgi ya nema ta hannun mai tikiti awa 48 kafin tafiya, ba a bakin ƙofa ba. Keken tura tsofaffi ma haka ake nemansa.

Malam: Kilishi fa? Tsaraba ce da ba a rasawa.

Hajiya: A nan Accra zai iya fita, matsalar tana can inda za a sauka. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ko da busasshe ne. A Amurka kuwa dole ka bayyana duk abincin da ka riƙo, in ka ɓoye aka gano akwai tara. Masu zuwa Umara su kuma su bar goro a gida, Saudiyya ba ta yarda da shi.

Malam: To, shagunan nan na ciki da ake cewa babu haraji, da gaske sun fi araha?

Hajiya: Ba kullum ba. Harajin aka cire, ribar mai shago tana nan. Turare mai suna yakan yi ɗan sauƙi, kuma ka tsira daga jabu. Amma kente, baƙin sabulu, duwatsun wuya, cakulan Golden Tree da ake yi a Tema, waɗannan a saye su a Makola ko kasuwar Nima tun da wuri. Shagon filin jirgi na abin da aka manta ne. Za a nemi takardar shiga jirginka wajen biya. Idan turaren ya wuce mililita 100, ka tabbatar an sa shi a ledarsu mai hatimi da rasit a ciki. Kada ka buɗe ledar sai ka kai gida, musamman in za ka canja jirgi a Dubai, Doha, Istanbul ko Addis Ababa, don can ma ana iya sake bincike, kuma buɗaɗɗiyar leda ba ta da kariya. Cakulan waje kuma a karanta jikin kwalin, wasu da giya a cikinsu.

Malam: Wajen biya, sidi ko dala?

Hajiya: In an rubuta farashi da dala kai kuma sidi ke hannunka, tambayi a nawa suke lissafa dalar kafin ka miƙa. Mai katin bankin waje, idan na'ura ta ba shi zaɓi tsakanin sidi da kuɗin ƙasar katin, ya zaɓi sidi, canjin na'urar ya fi na bankinsa tsada. Canjin kuɗi mai yawa a yi shi a gari a wurin masu lasisi. Sidi yana wuyar canzuwa a waje, don haka a rage shi zuwa na ruwa da na motar dawowa. Wanda ya riƙo fiye da dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastan.

Malam: Saura caji da salla.

Hajiya: Soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, mai zuwa sauran Turai ko Amurka ya sayi mahaɗi tun a gari. Fawa-banki a jakar hannu kawai yake tafiya, don batirinsa na iya kama wuta, kuma a ɗakin kaya babu mai gani. Mai lamba 20,000 mAh a jikinsa, wato ƙarfin batirin, yana wucewa, wanda ya haura 27,000 sai da izinin kamfani, wanda rubutun jikinsa ya goge kuma ana iya ƙwace shi. Intanet ɗin da kowa ke hawa kada a buɗe banki ko MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a kansa. Salla kuwa, a yi alwala a banɗakin tasha, na jirgi ya yi ƙanƙanta, a tambayi ma'aikaci inda ake yi, a riƙe ƙaramar darduma. Sai a riƙa duba allo: lokacin shiga jirgi daban ne da na tashi, kuma ana rufe ƙofa kamar minti 15 zuwa 20 kafin tashi.

Malam: Wanda zai taso daga Kumasi ko Tamale fa?

Hajiya: Shi a Tasha ta 2 zai sauka, ya ɗauki kayansa ya taka zuwa ta 3, a sake auna su. Kilon da jiragen cikin gida ke bayarwa yawanci bai kai na waje ba, kuma in tikitin biyu daban aka saya, jirgi na biyu ba ruwansa da makarar na farko. Ya bar aƙalla awa 4 tsakaninsu.