Ranar da aka zazzage shara a ƙofar gidan mai unguwa

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare. Yau sai ku toshe hanci, hirar bola za mu yi. Yaya Auwalu, an ce an gan ka da safar hannu kana tonon shara a ƙofar gidan mai unguwa. Lafiya?

Auwalu: Lafiya ce ta kawo haka. Duk damina kwatar layinmu sai ta cika ta shigo mana gida. A kira taro, kowa ya ɗora wa maƙwabcinsa laifi, a shafa fatiha a watse. Bana muka ce bari mu ga abin da muke zubarwa da idonmu. Muka raba wa gida ashirin buhu, kullum da safe mu karɓa mu ba da wani, har kwana takwas.

Malam Iliya: Me ya kai ku takwas, mako bai isa ba?

Auwalu: Ta ranar farko ba a lissafa ta, Malam. Da mutum ya ji kwasa kyauta, sai ya fito da tarkacen ƙarƙashin gado na shekara uku. Wata baba har da yagaggiyar katifa.

Hadiza: Kuma haka kawai mutane suka ba ku shararsu? Ni fa kakata ko gashin da ta taje ba ta yarda ya fita gida, kar a yi mata asiri da shi.

Auwalu: Ai mun sha wannan. Wasu suka ce haraji za a ƙaƙaba musu. Sai da mai unguwa ya tashi bayan sallar isha'i ya ce a fara da buhun gidansa, sannan aka saki jiki. Cikin gida kuwa mata biyu muka tura, don mu ba shiga, kuma tsintsiyar ai a hannun mata take.

Malam Iliya: Da ɗan gari akan ci gari. Mai unguwa ya san gidan da ke kiwo, ya san mai tuyar ƙosai. Abin da ya gani shi zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. To me kuka tarar?

Auwalu: Muka shimfiɗa tamfol, muka aro sikelin rataye wurin wani ɗan gwangwan. Ran da ta yi yawa sai mu cakuɗa da shebur, mu raba tulin huɗu, mu ɗauki biyun da ke kallon juna. Abin da ya rinjayi sikeli shi ne ƙasar shara da toka da kashin awaki, sai ɓawon kayan miya. Ƙarfe da gwangwani kamar an share.

Hadiza: Yara sun riga sun kai wa 'yan gwangwan.

Auwalu: Tun daga zaure. Leda kuma, ta fiya wata da baƙa, tuli guda har gwiwata, amma da aka rataya allurar da ƙyar ta motsa.

Malam Iliya: Ka ji inda nake da ja da ku 'yan boko. In ka rubuta a takarda, leda ce ta ƙarshe a nauyi, wanda bai je wurin ba sai ya ce ba ita ce matsala ba. Alhali ita ke toshe kwata, ita mahauta ke cirowa a tumbin akuya.

Auwalu: Shi ya sa ba mu kai wa mai unguwa takarda ba, kiran sa muka yi ya zo. Ya tsaya a kan tulin, ya sa sanda ya juya, ya daɗe bai ce komai ba. Na ce ranka ya daɗe, wannan ta gida ashirin ce kawai.

Hadiza: Amma awon ma yana da rana. Bankin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum ɗaya a Afirka kudu da Sahara yana fitar da kilo 0.46 a yini. In kun san naku, kun ninka da yawan mutanen unguwa, kuna da bakin faɗa wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, sau nawa motarta ya kamata ta zo.

Malam Iliya: Ni tulin ƙasan nan ya fi tsaya mini. Muna yara, manoman kewayen Kano da jakuna da mangala suke shigowa birni da rani su kwashi juji, taki ne sadidan. Yanzu ka zuba a gona, sai leda ta yi ta tsirowa kafin gero.

Auwalu: Shi ma mai unguwa nan ya kama. Ya ba da kusurwar wani kango a riƙa zuba toka da kashin dabba zalla, leda kuma a buhu daban.

Hadiza: Famfas ɗin yara fa?

Auwalu: Wannan ko ɗan gwangwan ya ƙi taɓawa. Yana nan a ɗaure, muna jiran Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli.