Namiji da Ludayi: Laccar da Aka Gabatar a Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata da ke can baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku na zo da su.

Na farko girki. Ku leƙa kasuwar Wunti bayan sallar asuba, wa ke soya ƙwai yana dafa Indomie? Mai shayi, namiji. Wa ke gasa tsire da balangu, ya haɗa yajinsa da kansa? Namiji. Mai wanki da guga namiji ne. Wanda ke duƙufa da allura yana fitar da aska takwas a babbar riga, shi ma namiji ne. Babu mai ce musu uffan. Amma mai shayin nan, ya koma gida ya tarar maiɗakinsa tana kwance da laulayi, ya hura wuta ya dama wa yara koko, kafin azahar labari ya kai majalisa: an shanye shi, ya zama mijin-ta-ce. Hannun da ya soya ƙwai ɗazu ne fa! (Dariya) Wato in za a biya shi sana'a ce, in don tausayin iyalinsa ne abin kunya ne. Jama'a, wannan lissafin daga ina?

Ni abin da na fahimta, ba aikin ake gudu ba, bakin mutane ake tsoro. Bakin mutane. Wanda ya natsu da kansa, ya san yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana riƙe amana, ludayi ba ya girgiza shi. Wanda zuciyarsa ke rawa shi ne kullum yake waige, wa ya gan ni.

A Sahihul Bukhari, Aswad ya tambayi Nana A'isha me Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi a gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. A ruwayar Imam Ahmad, yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Shi ne kuma a shekara ta 5 bayan hijira ya yi ta ɗaukar ƙasa wajen haƙa Handaƙ har ƙura ta rufe masa ciki. Wa ya kai shi jarunta?

Iyaye mata, ku yi haƙuri, da hannunku a ciki. Yaro ya matso murhu, sai ki ce tashi, kai mace ne? Ya girma, ya shiga jami'ar ATBU ko a tura shi bautar ƙasa, ko shinkafa bai iya tsanewa ba, kuɗinsa duk su ƙare a gidan abinci.

Na uku... au, na biyu ko? Mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, an haife ta 1793, ta rasu 1864, ta naɗa jajis, wato mata malamai, ta sa musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ku duba bayan naira 20, Ladi Kwali ce, gwanar ginin tukwane, da tukunyarta. To yarinyar da kanta ke ja a lissafi ko gyaran sola, don me za a ce mata-maza ce?

Na ga hannu. Bismillah ɗana.

(Wani matashi ya tambaya game da hadisin la'antar maza masu kamanceceniya da mata.)

Allah ya yi maka albarka. Hadisin ingantacce ne, na Ibn Abbas, yana cikin Bukhari. Malamai sun fassara shi da kwaikwayo da gangan a sutura, da ado, da magana, da rangwaɗa. Shara da wanke-wanke ba sa ciki, in da suna ciki ai ba za a ga Manzon Allah da allura ba. Kana da aure? Saura wata biyu? Allah ya sa alheri. To kafin ranar ka je wurin Hajiyarku, ka ce ta koya maka miyar kuka da tuƙa tuwo, don ranar da amarya za ta kwanta jego. An kira salla, na ukun sai wani zaman.