Inda Ake Samun Hotunan Jirgin Ƙasa Mai Gawayi

Jama'a, assalamu alaikum. Na ga yawancinku matasa ne, ban jin akwai wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin jirgi mai gawayi a cikinku, sai ko dattawan da ke zaune a sahun gaba. Baba, ina fata idan na yi kuskure za a gyara mini.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wanda yake son hoton tsohon jirgi ya rataya a falonsa, ina zai dosa? Kafin ka fita nema, ka fara sanin abin da kake nema. Dogon da aka taso da shi daga Baro, bakin kogin Kwara, a 1907, ya iso Kano a 1911. Daga baya aka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, na Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Akwai kuma wani ɗan siririn dogo daga Zariya zuwa Jos, wanda aka shimfiɗa saboda kuza, aka rufe shi a 1957. To, idan wani ya kawo maka hoto ya ce jirgi ne a tashar Maiduguri zamanin Gwamna Lugga, tun kafin dogo ya je can, ka san ko dai bai sani ba, ko kuma aljihunka yake hange.

Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi hoto a intanet, an rubuta Kano a ƙasansa, na biya kuɗi masu ciwo. Da ya iso na kai wa wani tsohon direban reluwe. Ya ɗaga shi sama, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ɗana, wannan dogon ya yi faɗi, ba namu ba ne." Tsohon dogonmu ƙafa uku da inci shida ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sannan ya koya mini ƙirga ƙafafun jirgi. Akwai wasu kawunan jirgi da aka fara kawowa daga kamfanin Vulcan na Ingila a 1948, aka raɗa wa kowanne sunan wani kogi. Idan ka kalle su ta gefe, ƙaramar ƙafa ɗaya ce a gaba, manya huɗu a tsakiya, ƙarama ɗaya a baya. Ka kuma duba rubutun jikinsa, domin hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, wato NRC, sai a 1955 aka kafa ta.

Wuraren hukuma kun san su: gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da ɗan gidan tarihin reluwe na Jaekel a Ebute Metta, Legas. Can ba a sayarwa, sai dai ka nemi izinin ɗaukar kwafi.

Amma ni a ganina, dukiyar tana cikin adakar tsofaffin ma'aikatan reluwe, a Zariya da Kafanchan da Minna da Kano. Je ka gaishe su, kada ka je hannu sake, kada kuma ka fara da maganar ciniki. Zauna a sha hira. A gidan wani dattijo na ga gwangwanin alewa da aka ɗaure da tsumma. A ciki akwai tikiti na kwali mai kauri, ɗan ƙarami, an huda shi a gefe, da usur na tagulla, da hotonsa yana saurayi tsaye a ƙofar injin, shebur a hannu, fuska duk baƙin kwal ɗin Inugu. Bai sayar mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ya bar ni na kai aka ɗauki kwafi, na dawo masa da nasa ranar, da wani babba a cikin firam.

Wani ya rubuto a takarda, me zan ce game da farantin tagulla na jikin jirgi mai suna da lamba da ake gani wurin 'yan gwangwan? Malam, ka yi hattara. Kayan reluwe na gwamnati ne, kuma da yawa ɓalle su aka yi da dare. Idan mai sayarwa ya kasa faɗa maka yadda abin ya zo hannunsa, bar masa kayansa.

Batun ratayawa gajere ne. Kwafin za ka rataya, na asalin ka sa a ambulan ka ɓoye inda gara da laimar damina ba za su kai ba. Kada a manne shi da roba mai zafi, ba ya ɓantaruwa. Bangon da rana ke duka kuma yana kashe hoto. Ka rubuta sunan tasha da sunan mai hoton a baya da fensir, biro yana huda takarda. Masu ƙyamar rataya hoton mai rai, sai su zaɓi wanda injin ne kaɗai a ciki, ko tsohuwar taswirar dogo.

Na ga ana yi mini nuni da agogo, an kusa kiran la'asar. Baba, ka ɗaga hannu tun ɗazu, bisimilla.