Amsoshin Tambayoyinku: Tsutsa mai gashi a ƙasan tekun ƙanƙara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wani mai sauraronmu ne ya rubuto yana cewa ya ji an gano sabuwar tsutsa mai gashi a ƙasan tekun Antatika, yankin ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Yana so a gaya masa wace irin halitta ce, kuma ta yaya masana ke tabbatar da cewa ba a san ta ba a da.

To malam, mun gode da wannan tambaya. Waɗannan tsutsotsi dangin tana ne da matsattsaku, sai dai galibinsu a teku suke. Jikinsu gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa da 'yan ƙafafu biyu na tsoka, a kansu kuma tsirarun gashi masu tauri da suke tafiya ko haƙa laka da su. An riga an san nau'insu fiye da 10,000, kuma har gobe ana samun ƙari, musamman a wurare irin Antatika da ke da wuyar zuwa, inda ruwa kan yi sanyin da ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili.

Aikin tabbatarwa kuwa na haƙuri ne. Daga jirgin bincike ake zura kayan aiki a kwaso lakar ƙasan teku, a tace ta da rariya, a tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya. Sai a sa su a madubin ƙara girma a ƙirga gaɓoɓi, a duba kai da muƙamuƙi, a duba bakin gashin nan: mai ƙugiya ne, ko mai haƙora kamar zarto? Sau da yawa nan bambancin yake. Daga nan a gwada ƙwayoyin halittarta da na 'yan uwanta, domin akwai waɗanda ido ba ya raba su alhali nau'i biyu ne. In ta tabbata, sai a raɗa mata suna biyu na Latin, a wallafa bayaninta, a kuma ajiye guda ɗaya a gidan adana halittu, don duk mai shakka ya je ya gani.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Osedax antarcticus, wadda Adrian Glover na gidan adana halittu na Landan da abokan aikinsa suka bayyana a 2013. Sun nutsar da ƙasusuwan wel, wato katuwar dabbar nan ta teku, tare da katakai, a zurfin fiye da mita 500, suka bar su wata 14. Da aka ciro, ƙasusuwan duk tsutsa ta lulluɓe su. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Saiwa take kafawa cikin ƙashi, ta narkar da shi da asid, wasu bakteriya da ke zaune a saiwar su taimaka mata ta samu abinci. Wadda ake gani ɗin mace ce. A irin waɗannan tsutsotsi masu cin ƙashi, mazan ƙanana ne ƙwarai, a cikin bututun da ya kewaye jikin macen suke zama. Ikon Allah ke nan!

Katakan fa? Sun fito lafiya lau. Halittun da ke cin katako a sauran tekuna, kamar yadda gara ke yi a tudu, ba a same su a wurin ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa jirgin ruwan Endurance na Shackleton, mai binciken Antatika, wanda ya nutse a 1915, da aka gano shi a 2022 a zurfin mita 3,008 a tekun Weddell da ke Antatika, aka tarar da katakonsa bai lalace ba, har sunan jirgin ana karantawa a jikinsa.

Sai tambaya ta gaba.